Asalin Ikilisiyar Baptis ta Farko a Ikko da Yadda Ta Tsaya da Ƙafafunta, 1855–1914

Duk wanda ya zauna a Sabon Garin Kano, ko na Zariya, ko cikin Kaduna da Jos, ya san majami'un nan da a ke kira na Baptis, ya kuma lura da cewa galibin waɗanda suka fara kafa su Yarbawa ne. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda wannan ɗarika ta ɓullo, ko dalilin da ya sa ba Turawa ne suka kawo ta ƙasar Hausa ba. Amsar tana can Kurmi, a bakin teku, cikin tarihin wata ikilisiya guda ɗaya da ke kan titin Broad a tsibirin Ikko, wadda a ke kira Ikilisiyar Baptis ta Farko. Labarinta za mu bi a wannan takarda, daga 1855 zuwa 1914. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, ikilisiyar nan ta yi jijiya ne a cikin shekarun da ba ta da Bature ko ɗaya a kanta, kuma wannan shi ya haifi rigimar da ta tsaga ta biyu a 1888.

Kafin mu shiga labari sai mu rarrabe kalmomi biyu da Hausawa kan gwama, watau majami'a da ikilisiya. Majami'a ita ce ginin da a ke taruwa a ciki. Ikilisiya kuwa su ne mutanen da ke taruwa. Kalmar coci ta yau da kullum ta haɗa duka biyun, shi ya sa ba za ta yi mana amfani sosai a nan ba, gama a cikin wannan labari akwai lokacin da ikilisiya ta rayu ba ta da majami'ar kirki, akwai kuma lokacin da majami'a ta tsaya da hasumiyarta kusan ba kowa a ciki.

Ɗarikar Baptis ta samo asali ne daga waɗansu Ingilishi da suka ƙi bin cocin sarkin Ingila, suka yi hijira zuwa Amsterdam, inda John Smyth ya kafa ikilisiyarsu ta fari a 1609. Daga baya ta koma Ingila, ta ƙetara Amurka, a can ne ta yi yawa. Abu biyu suka bambanta ta da sauran. Na ɗaya, ba su yi wa jariri baftisma, sai mutum ya yi hankali ya furta bangaskiya da bakinsa, sa'an nan a nitsar da shi dukansa cikin ruwa. Na biyu, wanda shi ne ya fi shafarmu, ba su da bishop. Kowace ikilisiya ita ke mulkin kanta. Jama'a su ke taruwa su kira fastonsu, su kuma ke sallamarsa in ta kama, kuma ƙuri'ar dako daidai ta ke da ta attajiri. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa ne ƙura za ta tashi nan gaba.

A 1845 'yan Baptis na Amurka suka rabu a kan maganar bauta. Na arewacin ƙasar suka ƙi yarda a aika mai bayi ya yi aikin mishan, na kudu suka yi fushi suka taru a Augusta ta jihar Jojiya suka kafa tasu ƙungiya, hukumarta ta aika masu bishara tana zaune a Richmond. Abin mamaki ne, amma haka tarihi ya zo da shi: ƙungiyar da aka kafa domin kare masu bayi ita ce ta aiko da wannan ɗarika ƙasar da cinikin bayi ya ragargaza. Wanda ta fara aikowa shi ne Thomas Jefferson Bowen, mutumin Jojiya, haifaffen 1814, wanda soja ne kafin ya zama mai wa'azi. Ya sauka Badagiri ran 5 ga Agusta, 1850, bayan abokin tafiyarsa Harvey Goodale ya rasu a Laberiya.

Bowen bai zo domin bakin teku ba. Idonsa yana kan abin da Larabawa ke kira Biladus Sudan, watau ƙasashen Hausa da Barno da maƙwabtansu. Shirinsa shi ne ya sauka Igboho a arewacin ƙasar Yarbawa, daga nan ya yi ta jera tashoshi har ya ƙetare Kwara. Sai ya tarar daular Oyo ta riga ta rushe, yaƙi ya toshe hanyoyi. Dole ya zauna Abeokuta wajen shekara ɗaya da rabi, baƙo a wurin Turawan C.M.S., yana koyon Yarbanci. Yana nan Sarkin Dahomey Gezo ya kawo wa garin hari a watan Maris na 1851 da rundunarsa har da mayaƙan nan mata, Bowen kuwa ya hau ganuwa ya taimaki Egbawa da abin da ya sani na soja. A 1852 ya sami shiga Ijaye, garin Kurunmi, wanda ke riƙe da sarautar Are Ona Kakanfo, watau sarkin yaƙin Yarbawa. A can ne a 1854 aka gina ɗakin sujada, aka yi wa mutanen fari baftisma.

A 1855 ya gwada ƙofar arewa. Ya tafi Ilori, wadda a zamanin nan tana ƙarƙashin Gwandu, ya ga kasuwarta cike da fatake Hausawa da Barebari da Larabawa, ya ga ashe ga bakin ƙasar da ya ke nema. Sarkin Ilori Shitta ɗan Shehu Alimi ya karɓe shi da mutunci, aka yi masa tambayoyi a kan addininsa, aka saurare shi, amma da aka zo maganar zama sai aka hana. Ba wuya a gane dalili. Ilori gari ne na kan iyaka, wanda jihadi ya kafa mulkinsa, malamai kuwa ba za su yarda a buɗe wa wani addini gida a tsakiyarsa ba. Saboda haka mishan ɗin ya ja baya wajen mil 35 ya zauna Ogbomosho a wannan shekara. Bowen da kansa bai daɗe ba. Ciwo ya ci ƙarfinsa, ya koma gida a 1856, ya buga littafin tafiyarsa a 1857, da nahawu da ƙamus na Yarbanci a 1858, bai sake taka ƙasar ba har ya rasu a 1875.

To, ina Ikko a cikin wannan duka? A lissafin Bowen, Ikko zango ce kawai. Ingilishi sun buɗe mata wuta a ƙarshen 1851, sun kori Kosoko sun mai da Akitoye, jiragen ruwa suka fara zuwa a kai a kai. Mutanen da ke can cikin ƙasa suna bukatar wanda zai karɓi kayansu da wasiƙunsu a bakin ruwa, ya canja musu kuɗi zuwa wuri, ya nemi 'yan alaro, ya ba baƙo masauki kafin ya kama hanya. Wannan aiki aka ɗora wa Joseph Harden a 1855, zamanin Sarki Dosunmu. Harden baƙar fata ne na Amurka, mutumin Baltimore, wanda ya fara yin aikin mishan a Laberiya. Bayan aikin sito da masauki sai ya kafa ɗakin sujada da 'yar makaranta, ya auri wata 'yar Saro mai suna Sarah Marsh. Saro su ne Yarbawan da aka kama bayi, jiragen Ingilishi suka ƙwato su a teku aka sauke su Saliyo, sa'an nan su ko 'ya'yansu suka komo gida da ilmin boko da addinin Kirista. Daga wannan shekara ce ikilisiyar ke ƙidayar shekarunta.

A farkon al'amari ba ta yi wani armashi ba. C.M.S. da Methodis sun riga ta shiga gari, kuma galibin Saro nasu ne tun daga Saliyo. Wanda ya tashi a Anglika aka yayyafa masa ruwa yana jariri, ba ƙaramin abu ba ne a ce masa sai an sake nitsar da shi a gaban jama'a. Saboda haka mabiyan Harden 'yan kaɗan ne. Abin da ya cika ikilisiyar Ikko daga baya masifa ce da ta auku a cikin ƙasa.

Masifun kuwa uku ne, suka zo bi da bi. A 1859 Alafin Atiba ya rasu, ɗansa Adelu ya gaje shi. Kurunmi ya ƙi yi masa mubaya'a, domin a tsohuwar al'ada babban ɗan Alafin bin ubansa ya ke yi kabari. Badun ta goyi bayan Adelu, Egbawa suka goyi bayan Ijaye, yaƙi ya ɓarke a 1860. Aka kewaye Ijaye har yunwa ta kai iyaye suna ba da 'ya'yansu jingina domin abinci. Turawan mishan biyu da ke garin, A. D. Phillips da R. H. Stone, suka yi ta karɓar yara suna ciyarwa, daga baya suka fitar da su zuwa Abeokuta. A watan Maris na 1862 aka ci Ijaye aka ƙone ta, ikilisiyar Baptis ta fari a wannan ƙasa ta tafi tare da garin. Ana cikin wannan sai yaƙin basasar Amurka ya tashi a 1861. Richmond, inda hukumar mishan ta ke, ita ce ta zama babban birnin 'yan tawayen kudu, jiragen arewa suka tsare gaɓar teku, kuɗi ya yanke ƙaf. Harden ya koma yin tubali yana sayarwa domin ya ci da iyalinsa ya kuma tallafi aikin, har ya rasu a 1864. Ta uku ta zo ran 13 ga Oktoba, 1867. Egbawa, saboda fushin da su ke yi da Gwamna Glover na Ikko, wadda ta zama mallakar Ingila tun 1861, suka fasa gidajen mishan na Abeokuta suka kori Turawa duka. Wannan shi Yarbawa ke kira Ifole, watau fasa gida. Yaran Ijaye da sauran masu bi suka sake ɗaukar kaya, wannan karo zuwa Ikko. Phillips ya tafi gida a 1868, Stone ya bi shi a 1869. Ba wanda ya zo a madadinsu.

A nan ya kamata mu dakata, gama shekaru shidan nan, daga 1869 zuwa 1875, su ne zuciyar labarin, ko da ya ke littattafan mishan na da su kan wuce su da sauri kamar lokacin da ba abin da ya faru. A wurin hukumar Richmond aikin ƙasar Yarbawa ya mutu, har ta mai da hankalinta Laberiya. Amma a Ikko ba a fasa taruwa ran Lahadi ba. Mutum uku suka riƙe jama'ar. Ta ɗaya ita ce Sarah Harden, gwauruwa, wadda ta zama uwa ga yaran nan marasa gari, gidanta ya zama matattararsu. Na biyu James Churchill Vaughan, kafinta, baƙar fata daga Karolina ta Kudu, haifaffen 1828, wanda ya biyo ta Laberiya ya zo ƙasar Yarbawa yana yi wa mishan gini. Mayaƙan Badun sun taɓa kama shi a yaƙin Ijaye ya tsere, Ifole kuma ta raba shi da abin da ya tara a Abeokuta, ya zo Ikko ya fara daga tushe, ya zama babban mai sayar da kayan ƙarfe da na gini. Aljihunsa ne ya ɗauki abin da hukumar mishan ta yar. Na uku saurayi ne, Moses Ladejo Stone, ɗaya daga cikin yaran Ijaye, wanda ya ɗauki sunan Baturen da ya rene shi. Shi ke wa'azi. Ba a naɗa shi ba, bai yi makarantar tauhidi ba, amma Allah ya ba shi baki, Yarbancinsa kuwa na cikin ƙasa ne mai karin magana da kirari, irin wanda 'yan Saro da yawa ba su da shi.

Mu duba abin da shekarun nan suka koya wa mutanen. Turawa sun karanta musu cewa ikilisiya ita ce jama'ar masu bi, ba ta jiran izinin kowa daga waje. Da a bakin malami kawai su ke jin wannan. Yanzu sai ga shi sun gwada sun ga ya tsaya: su ke tara kuɗi, su ke binne matattunsu, su ke sasanta rigimarsu, ba wanda ya aiko musu da ko anini daga ƙetare. Haka kuma aka yi a Ogbomosho, inda 'yan tsirarun masu bi suka dinga taruwa a gindin itace a tsohon filin mishan, shekara da shekaru ba mai koyarwa. Wanda ya saba ɗaukar kayansa da kansa, in ka zo daga baya ka ce kai ne madugu, sai ka yi a hankali.

A 1875 hukumar ta farfaɗo ta aiko mutum biyu, W. J. David, Bature daga Misisipi, da W. W. Colley, baƙar fata daga Bajiniya. Aka karɓe su da murna ƙwarai. Ran 1 ga Janairu, 1876, suka tsara ikilisiyar Ikko bisa ƙa'ida da mutum 24, shi ya sa waɗansu ke ɗaukar wannan shekara a matsayin ta kafuwarta. Bambancin 1855 da 1876 ba na lissafi kaɗai ba ne. Wanda ya ce 1876, ya ce ke nan David ne ya kafa ta, abin da aka yi kafin zuwansa jiran tsammani ne. Wanda ya ce 1855, ya ce David ya tarar da ita ne a raye. Colley bai daɗe ba, ya koma a 1879, a shekara mai zuwa kuma ya taimaka aka kafa wa baƙaƙen Baptis na Amurka tasu ƙungiyar mishan a Montgomery ta Alabama, wadda ba ta ƙarƙashin Turawa.

Kada a rage wa David hakkinsa. Mutum ne mai himma wanda bai san gajiya ba. Ya sake buɗe Abeokuta da Ogbomosho, ya aika Ladejo Stone Ogbomosho, inda ya yi shekaru yana aiki a tsakiyar yaƙe-yaƙe, ya kuma naɗa shi fasto a 1880, Bayarabe na fari da ya sami wannan matsayi a ɗarikar. Ya je Amurka ya yi bara ya kawo kayan gini a jirgi. Matarsa ta rasu a 1885, bai bar aikin ba. A 1886 aka buɗe makarantar sakandare ta Baptist Academy a filin mishan, aka ba Samuel Harden, ɗan Joseph da Sarah, wanda ya yi karatu a Amurka, shugabancinta. A 1887 aka buɗe sabuwar majami'a ta tubali mai doguwar hasumiya a titin Broad, gini na a zo a gani a Ikkon wancan zamani. Sai dai kowane tubali da aka ɗora da kuɗin Richmond ya ƙara wa David jin cewa gidan nasa ne, shi ne wakilin masu shi. Jama'a kuwa, waɗanda yawancin manyansu sun ga shekarun maraici, ba haka su ke gani ba.

Ba a cika shekara da buɗe majami'ar ba abin ya fashe, kuma a kan kuɗi ya fara. Stone ya komo Ikko shi ne faston ikilisiyar, iyali sun yi masa yawa, albashinsa bai kai ba. Ya nemi ƙari, David ya ce babu. Sai ya shiga ɗan ciniki a gefe. David ya ce ciniki bai dace da fasto ba. Stone ya ajiye aiki, David kuwa ya karɓa shi kaɗai, bai kai maganar gaban jama'a ba. Da dattawa suka je neman bayani, masu tarihi sun ruwaito cewa ya nuna musu yana da ikon sallamar Stone kamar yadda zai sallami kowane baransa. Ta wata fuska yana da hujja, tun da mishan ke biyan albashin. Amma a ƙa'idar da shi da kansa ya zo koyarwa, fasto na ikilisiya ne, ita kaɗai ke da ikon kira da sallama. A ganinmu a nan David ya fāɗi, domin mutanen ba su kawo masa wata sabuwar aƙida ba, littafinsa suka buɗe masa. Ga kuma abin da ba a faɗa a fili ba amma kowa ya ji shi a jikinsa: mutumin Misisipi ne ke kiran fasto baƙar fata bara, a gaban irin su Vaughan, wanda ya bar Amurka domin ya huta da wannan.

A watan Maris na 1888 mafi yawan jama'a suka fita, suka bar David da sabon gininsa da 'yan mutane ƙalilan. Suka kafa rumfa a farfajiyar gidan Stone suka yi sujada a ciki, suka kira kansu Ikilisiyar Baptis ta 'Yan Ƙasa, wadda daga baya aka sa wa suna Ebenezer, watau dutsen taimako da Ibrananci. Sarah Harden da Vaughan suna cikin waɗanda suka fita. Ba su sake komai na koyarwa ba, baftismarsu da tsarinsu duk na Baptis ne. Abin da suka ƙi shi ne a mulke su daga waje. David ya bar ƙasar ba da daɗewa ba, bai komo ba.

Wannan ita ce ikilisiya ta fari a ƙasar da ta zama Nijeriya wadda 'yan ƙasa suka ɓalle daga mishan suka kafa da kansu, kuma ba ta zama ta ƙarshe ba. Zamanin ne Turawa ke rabon Afirka, sababbin 'yan mishan kuma suka zo da raina baƙar fata fiye da na da. A 1890 samarin Turawan C.M.S. suka ci mutuncin Bishop Ajayi Crowther a kan aikinsa na Kwara, ya rasu a ƙarshen 1891. A wannan shekara, bayan ziyarar Edward Blyden a Ikko, aka kafa wata ikilisiyar 'yan ƙasa, a 1901 wata ta fita daga Anglika, a 1917 wata daga Methodis. Me ya sa ƙaramar ɗarika ce ta riga manya? Domin ɗan Anglika in zai fita sai ya yi tunanin wanda zai naɗa masa limamai, tun da sai bishop ke naɗi. Ɗan Baptis kuwa ba ya bukatar komai sai jama'a da ruwa.

Cikin waɗanda suka fita akwai wani malamin makaranta, David Brown Vincent, haifaffen Ilesha a 1860, wanda ya fi kowa kaifin alƙalami. Ba a jima ba shi da Stone suka saɓa, kamar yadda a kan yi in an haɗa mai baki da mai alƙalami a inuwa ɗaya. A 1894, bayan wani Baturen mishan mai sanyin hali, C. C. Newton, ya shiga tsakani, Stone ya koma tsohuwar majami'ar titin Broad, Vincent ya zama shugaban 'Yan Ƙasa. A wannan shekara ce ya yar da sunan Turawa ya zama Mojola Agbebi, ya kuma bar kwat ya koma agbada, ko a Ingila da Amurka da ita ya ke yawo. Ya kai aikin ikilisiyarsa Ekiti da Ijebu da Buguma a bakin Kwara. A 1903 wata rigima ta sa ya fita daga Ebenezer ya kafa Araromi. Mai karatu Musulmi zai so ya san cewa a takardar da ya rubuta wa babban taron jinsunan duniya na London a 1911, Agbebi ya yi maganar Musulunci da girmamawa, ya ɗauke shi addinin da ya riga ya zauna daram a Afirka, abin da ba a saba ji daga bakin fasto ba a lokacin.

Komowar Stone ita ta ta da Ikilisiya ta Farko daga suma. Bai koma a matsayin bara ba. Mutane suka yi ta ɗunguma zuwa jin wa'azinsa, musamman baƙin da ke kwararowa Ikko daga cikin ƙasa neman aiki, waɗanda Turancin Saro bai yi musu komai ba, majami'ar da ta zama kango ta cika, har ikilisiyar ta ɗauki nauyin kanta ta daina dogara ga Richmond. Watau abin da aka yi faɗa a kansa a 1888 ya tabbata a cikin gidan da aka fita aka bari. Stone ya riƙe ta har ya rasu a 1913. Turawan da suka biyo baya kuma sun ɗauki darasi, suka mai da ƙarfinsu ga koyarwa da magani a Ogbomosho, inda C. E. Smith ya fara makarantar horar da masu wa'azi a 1898, likita George Green kuma ya iso a 1907.

A watan Maris na 1914, shekarar da Lugga ya haɗa Kudu da Arewa, wakilan ikilisiyoyin mishan da na 'yan ƙasa suka taru a Idikan cikin Badun suka kafa Ƙungiyar Baptis ta Yarbawa. Wanda aka zaɓa shugabanta na fari shi ne Mojola Agbebi, ɗan tawayen 1888, Turawan mishan suna zaune a cikin taron a matsayin 'yan'uwa. Ya rasu a 1917. A 1919 aka sake wa ƙungiyar suna ta zama ta Nijeriya duka, domin a lokacin ikilisiyoyinta sun wuce ƙasar Yarbawa.

Ɗaya daga cikin wuraren da suka kai shi ne inda Bowen ya nufa aka tare shi. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, a 1912 kuma aka iya tafiya daga Ikko har can. Gwamnatin Turawa ta hana 'yan mishan shiga biranen sarakunan Musulmi, amma ba ta hana ɗan kasuwa ko akawu ko ma'aikacin reluwe ba. Mutanen Ogbomosho, waɗanda fatauci ya zama musu gado, suka bi layin dogo zuwa Zungeru da Minna da Kaduna da Zariya da Kano, suka hau Jos wurin haƙar kuza. Duk inda suka kai goma ko ashirin sai su taru a shagon ɗayansu ran Lahadi, su zaɓi mai karanta musu Littafi, su yi karo-karo su sayi kwano su rufa ɗaki, sai daga baya su aika gida a turo musu fasto, su kuma za su biya shi. Haka suka yi a Kumasi da Tamale da sauran garuruwan Gwalkwas, har dokar korar baƙi ta Ghana ta 1969 ta kwashe yawancin masu sujada a majami'un can. Amma da Yarbanci su ke sujada, a unguwannin baƙi, saboda haka shekaru da yawa Bahaushe ya ɗauki Baptis a kan cocin Yarbawa ne kawai. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu Turawan mishan na Amurka suka zo suka zauna a Arewa, aka buɗe makarantar fastoci a Kawo ta Kaduna, inda a ke koyarwa da Hausa domin mutanen kudancin Zariya da sauran ƙabilun da Hausa ta zama musu harshen kasuwa da na sujada.